Ruwan Akwatin Kifi a Kaduna: Wane Ruwa, Wace Filta, Kuma Yaushe Ake Neman Magani

Kifin da ya wayi gari a saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa, kunnuwan da yake numfashi da su sun yi ja, an watsa masa abinci ya ƙi kulawa, ruwa ne ke ƙona shi, ko da kuwa ruwan ya yi garau kamar na kwalba. Abin da ya fi kashe kifin ado a gidaje ido ba ya ganinsa. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa da ta kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙarƙashin tsakuwa ma yana ƙara ta. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikin soso da tsakuwa su ke mayar da amoniya ta zama naitirayit, NO2 ke nan, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jurewa idan bai taru ba. A lafiyayyen akwati amoniya sifili ce, naitirayit sifili ne, naitiret kuma bai wuce miligiram 40 a lita ba. Sabon akwati yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan bakteriya su kafu, shi ya sa kifin da aka sayo rana ɗaya da gilas da tsakuwa yakan fara mutuwa a mako na biyu.

Zafin garinmu yana ƙara wa abin nauyi. pH shi ne ma'aunin tsamin ruwa: 7 tsaka-tsaki ne, yana sauka ƙasa tsami na ƙaruwa. A ruwa mai pH 7 da zafin digiri 25, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na amoniyar da ke ciki ne ke da dafi. Idan pH ya kai 8, ya zama kusan kashi 5, idan kuma zafin ya kai digiri 30, kamar yadda ake gani a ɗaki a watan Maris da Afrilu, ya haura kashi 7. A daidai lokacin ne kuma ruwa ke rage riƙe iska: kusan miligiram 8.3 na oksijin a lita a digiri 25, ya sauko wajen 7.5 a digiri 30. Ga guba ta ƙaru, ga iska ta ragu. Saboda haka mai akwatin kifi a Kaduna zaɓi uku ne a gabansa, kuma a jere suke: inda zai riƙa ɗebo ruwa, irin filtar da zai saka, sai abin da zai yi ranar da ruwa ya ɓaci.

Ruwan da za a zuba

Ruwan famfo, ga unguwannin da yake zuwa, daga Kogin Kaduna ake jawo shi a tace a matatu irin ta Malali, a sa masa kulorin don lafiyar mutane. Wannan kulorin da ke kare mu daga amai da gudawa shi ke ƙona kunnuwan kifi, ya kuma kashe bakteriyar filta. Hanyar cire shi biyu ce. Ko a tara ruwan a buɗaɗɗen duro na awa 24 zuwa 48, an jefa dutsen iska, wato ɗan dutsen da ake jonawa da injin iska, a ciki yana ɓulɓula, ko a ɗiga maganin cire kulorin, wanda ke aiki cikin 'yan mintuna. Ajiya kyauta ce, amma ba ta korar kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, don haka kwalbar magani ta fi aminci, kuma tana daɗewa: irin su Seachem Prime mililita 5 ne a lita 200. Da damina ruwan famfo kan zo da jirwayen laka. A bar shi ya kwanta, a kwashi na sama. Kada a sa masa alam, domin alam yana cinye ƙarfin da ke riƙe pH a ruwa ya kayar da shi.

Ruwan bohol gidaje da yawa suna da shi, kuma shi muka fi so a zaɓa, da sharaɗin a san halinsa. Babu kulorin a cikinsa, sai dai in mai gida ya zuba a tanki don kashe ƙwayoyin cuta, abin da ya kamata a tambaya kafin a ɗiba. Amma ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa iskarsa kaɗan ce, kuma cike yake da iskar kabon. Wanda ya zuba shi kai tsaye da yawa zai ga kifi sun taso sama suna haki cikin awa guda. A bar shi ya kwana a duro da dutsen iska. A auna pH ɗinsa lokacin da aka ɗebo, a sake aunawa washegari, za a ga ya ɗaga. Awon washegarin shi ne na gaskiya. Idan bayan kwanan ya yi ja-ja ya bar tsatsa a gindin duro, sinadarin ƙarfe ne daga marmara, a tace shi da auduga kafin a zuba.

Babban abin lura da bohol a nan shi ne ƙasar Kaduna a kan tsohon dutse take, irin wanda ba ya narkewa cikin ruwa, don haka ruwan bohol da yawa ba shi da ƙarfin da ke riƙe pH, wanda ake aunawa da sunan KH. Bakteriyar filta kuwa suna cin wannan ƙarfi kullum suna aiki. Idan KH ya gaza digiri 3, wata rana sai pH ya faɗi ƙasa da 6.5, aikin bakteriya ya yi sanyi, a kusa da 6 ya kusa tsayawa, amoniya ta fara taruwa a akwatin da ya shekara lafiya. Gyaransa mai sauƙi ne. Dakakken ƙwanson katantanwar teku da masu abincin kaji ke sayarwa don kaji masu ƙwai, a wanke cikin hannu ɗaya sosai, a ɗaure a tsumman raga, a jefa a kowace lita 50. Yana narkewa a hankali gwargwadon tsamin ruwan, ba ya wuce gona da iri. Bekin soda ya fi sauri: giram 3 a lita 100 yana ɗaga KH da digiri 1. A narkar da shi a kofi tukuna, kuma kada a ɗaga fiye da digiri 1 a rana. Bekin fauda daban ne, ba ya shiga akwati. Kanwa ma haka, domin babu mai sanin ƙarfin kowane dunƙule.

Rijiyar gida ta fi kowanne canza hali. Ba ta da zurfi, ruwan sama na gangarowa cikinta, idan kuma tana kusa da sokawe ko masai, naitiret da amoniya kan biyo ƙasa su shigo. Mai amfani da ita ya auna ruwan rijiyar kansa, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina. Idan naitiret ɗinta ya kai 40, duk canjin ruwan da aka yi da ita aikin banza ne, ana fitar da datti ana mayar da irinsa.

Ruwan sama yana da kyau a ido kuma daga Mayu zuwa Oktoba ba a rasa shi, amma KH ɗinsa kusan sifili ne, shi kaɗai ba ya riƙe akwati. Wanda ya gangaro daga kwanon rufi yana iya ɗauko sinadarin zinki, wanda ke cutar kifi, ga ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye a ruwan farkon damina. Mai son amfani da shi ya bar ruwan farko ya wanke rufi, ya tari na tsakiyar damina, ya gauraya kashi ɗaya na ruwan sama da kashi biyu na bohol. Inda ya fi amfani shi ne cika abin da ya ƙafe.

Ruwan leda ba abin dogaro ba ne, lissafi kaɗai ya isa ya nuna. Leda ɗaya rabin lita ce, jaka mai leda 20 lita 10 ke nan. Canjin kashi ɗaya cikin huɗu na akwati mai lita 100 zai ci leda 50 duk mako. Kuma masana'antu da yawa suna tace shi har ya rasa gishirin da kifi ke buƙata. Na 'yan ga-ruwa kuwa, yau daga wannan bohol gobe daga wancan, jarkar ma wataƙila ta taɓa ɗaukar mai ko sabulu. Idan shi ne kaɗai mafita, a tsaya ga mai ruwa ɗaya da wurin ɗiba ɗaya, a ba shi jarkokin gida.

Kifi ya fi jure ruwan da bai cika kyau ba amma ba ya canzawa a kan ruwan da ake sauya masa kowane mako. Wanda ke da bohol ya zauna a kansa, ya zaɓi kifin da ya dace da shi. Gupi da moli da golfish suna son ruwa mai ƙarfi, pH 7 zuwa 8, su ne ke buƙatar ƙwanson nan. Tetira da anjel sun fi sakewa a ruwa mai laushi.

Filtar da ke jure ɗauke wuta

A kwalin kowace filta ana rubuta lita nawa take turawa a awa, ƙa'idar kuma ita ce ta juya ruwan akwati sau 4 zuwa 5 a awa. Amma kwalin ba ya faɗin halin da za ta shiga idan aka ɗauke wuta da ƙarfe goma na dare aka dawo da ita da hantsi, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damun mu.

Filtar gwangwani, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin akwati da tiyo biyu, ta fi kowacce tace ruwa ya yi sheƙi, tana ɗaukar kayan tacewa da yawa, ba ta da ƙara. Sai dai rufe take ruf. Da wuta ta tafi, bakteriyar da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, bayan awa uku ko huɗu a lokacin zafi su fara mutuwa, dattin ciki ya ruɓe. Wuta na dawowa sai injin ya tura wannan ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin akwati. Mai irin wannan filta dole ne, idan ɗaukewar ta yi tsawo, ya zare filogi, ya buɗe gwangwanin, ya zubar da ruwan ciki, ya ajiye sosunan a faffaɗan kwano da ruwan akwati. Wanda ba ya gida da rana ba zai iya wannan ba.

Filtar da ake ratayawa a gefen gilas, da ta kwami da ke zuwa a murfin wasu akwatuna, a buɗe suke, iska na samunsu. Matsalarsu ruwa na tsiyayewa idan inji ya tsaya, da hunturu soso ya bushe cikin 'yan awoyi, bakteriya su mutu. Wasu masu ratayawar kuma ba sa iya jan ruwa da kansu idan wuta ta dawo, sai an cika su da kofi, in ba haka ba injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Filtar cikin ruwa mai inji tana da arha, ba ta bushewa, amma sosonta ƙarami ne, yana toshewa da wuri, tana ƙara wa ruwa zafi, tana kuma zuƙe 'ya'yan gupi.

Sai filtar soso: dunƙulen soso a ƙasan akwati, bututu a tsakiya, siririn tiyo ya tafi ga injin iska mai cin wat 2 zuwa 5. Kumfan da ke tashi a bututun shi ke jan ruwa ta cikin soso, kuma shi ke motsa saman ruwa iska ta shiga, aiki biyu da inji ɗaya. Idan wuta ta tafi, soson na cikin buɗaɗɗen ruwa, ba ya bushewa, ba ya ruɓewa da wuri. Mafi muhimmanci, akwai ƙananan injinan iska masu cin kusan wat 1 da ake jonawa a fawa-banki. Fawa-banki mai ƙarfin mAh 10,000 yana iya riƙe ɗaya sama da awa 20. A gwada tukuna, don wasu fawa-bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Akwai kuma injin iska mai batirinsa a ciki wanda ke ci gaba da aiki da kansa da zarar an ɗauke wuta, shi ya fi dacewa da gidan da kowa ke fita aiki.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan injin iska yana ƙasa da saman ruwa aka ɗauke wuta, ruwa kan biyo tiyo ya gangaro cikin inji, ya malale ɗaki, ya kai ga soket. A ɗora injin sama da akwati, ko a sa ɗan makarin da ke hana ruwa komowa a tsakiyar tiyo, kibiyarsa na kallon akwati.

Filtar soso ba ta da kyan gani, ba ta kwashe ƙananan ɓurɓushi kamar ta gwangwani, kuma ba ta isar manyan kifi masu yawan kashi irin su koyi ko tarwaɗa. Ga gidan da ke da sola ko inbata dare da rana da akwati mai lita 200 zuwa sama, ta gwangwani ta cancanci kuɗinta, amma a haɗa mata soso ɗaya a gefe. Ga kowa da kowa bayan wannan, manyan sosuna biyu a akwati mai lita 100 sun fi duk wata filta mai tsada. Ana wanke ɗaya wannan mako, ɗayan bayan mako biyu, ana matsa shi a bokitin ruwan da aka ɗebe daga akwati har baƙin datti ya ragu. Ba a kai shi bakin famfo, ba a sa masa sabulu, ba a wanke shi ya koma fari.

Ranar da ruwa ya ɓaci: canji ko kwalba

Kafin komai a auna. Takardun awo da ake tsomawa suna da sauri, amma yawancin masu launuka da yawa ba sa auna amoniya, kuma danshin damina na ɓata su idan ba a rufe robar da kyau ba. Na ɗigawa cikin 'yar kwalba ya fi tsada ya fi daidai. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da na amoniya da na pH.

Canjin ruwa lissafinsa a fili yake. Amoniya tana miligiram 2 a lita, aka canja rabi, ta koma 1, aka sake canja rabi washegari, ta koma kusa da rabin 1. Babu kwalbar da ke fitar da datti daga akwati kamar haka. Ana zuƙo ruwan da tiyo daga cikin tsakuwa, inda kashi ke taruwa, da bokitin da ba ya taɓa omo. Kifi na ciki, ba a kwashe su. Sabon ruwan kada ya bambanta da na ciki fiye da digiri 2. Ruwan baƙin tankin saman rufi da azahar yana iya yin zafin da zai gigita kifi, da asubar Janairu kuma ya yi sanyi ƙalau, shi ya sa duron da ya kwana a ɗaki ɗaya da akwati ya fi. A kwanakin nan a daina ba da abinci, babban kifi mai lafiya ba ya komai don ya yi kwana uku bai ci ba. A zaman lafiya, kashi 25 cikin ɗari duk mako ya wadatar. Don sanin litar akwati, a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita a raba da 1,000: mai 90 da 30 da 40 lita 108 ne, in an cire tsakuwa da ratar sama ya rage wajen 90.

Akwai inda babban canji ke kisa. Akwatin da ya yi watanni ana cika masa abin da ya ƙafe kawai, kamar yadda ake yi da hunturu lokacin da ruwa ke raguwa da sauri, pH ɗinsa ya faɗi, amoniyar ciki ta kwanta a sigar da ba ta da dafi sosai. Aka zuba masa rabin sabon ruwa lokaci ɗaya, pH ya tashi, amoniyar ta farka. Irin wannan akwati kashi 10 zuwa 15 ake canja masa kullum na tsawon mako biyu.

Kayan kwalba kowanne da iyakarsa. Maganin ɗaure amoniya yana sayo lokaci ne na kwana ɗaya ko biyu, yana da amfani a daren da babu ruwan canji. Gawayin filta yana cire wari da launin rawaya da ragowar magani, ba ya taɓa amoniya ko naitiret, yana gajiya cikin mako 3 zuwa 4, kuma ba gawayin girki ba ne. Farin dutsen ziyolayit yana shan amoniya, amma gishiri na sa ya amayar da ita, kada a haɗa su. Gishirin kuwa shi ne maganin gaggawa na naitirayit, wanda ke hana jinin kifi ɗaukar iska har kunnuwansa su yi ruwan ƙasa: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 50 ya isa. Gishiri ba ya ƙafewa, sai an canja ruwa ake ƙara na abin da aka fitar. Magungunan daidaita pH na nan take mun fi so a bar su, suna ɗaga shi yau ya faɗo jibi, hawa da saukar kuma ta fi wahalar da kifi.

Launin ruwa ma yana ba da labari. Fari-fari kamar an ɗiga madara a sabon akwati bakteriya ne suka yi yawa, a rage abinci, a ƙara iska, zai washe cikin mako. Kore shar kuwa gansakuka ce daga hasken taga da yawan abinci, canjin ruwa ba ya korarta. A rufe akwatin da bargo kwana 3 zuwa 4 injin iska na aiki, sannan a janye shi daga rana, fitila kada ta wuce awa 8. Kainuwa tana taimakawa ƙwarai: saiwarta na shan amoniya da naitiret, inuwarta na rage gansakuka. Wadda aka ɗebo daga kududdufi a wanke ta, a ajiye a bokiti mako biyu saboda matsattsaku da ƙwayayen ƙwari, kuma kada a bari ta rufe fiye da rabin saman ruwa.

Idan awo ya nuna komai daidai amma kifi sun mutu gaba ɗaya cikin dare, a tuna abin da aka fesa a ɗakin. Fiya-fiya da maganin sauro na gwangwani da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi, injin iska kuma yana zuƙarsu ya tura cikin ruwa. Kafin a fesa, a kashe injin, a lulluɓe akwatin da leda, a fesa, a buɗe tagogi har warin ya fita sarai, kada kashewar ta wuce awa ɗaya a lokacin zafi. Idan an riga an yi kuskuren, a canja rabin ruwan nan take, a sa sabon gawayin filta, a sake canja rabi bayan awa shida.